Ƙwayoyi a Gwangwanin Maɓallai

"Ba ni kwalin nan, Auta."

"Umma, don Allah..."

"Na ce ki ba ni! Ba zubarwa zan yi ba, ɓoyewa zan yi. Ko so kike matar nan ta shigo ta tarar da shi a kan keke, kamar wani abin ado?"

Auta ta miƙa wa mahaifiyarta kwalin maganin. Umma ta zaro katin ƙwayoyin, ta yayyaga kwalin ta cusa a buhun guntayen yadi, sannan ta tsaya tana waige-waige cikin shagon. Idonta ya sauka kan tsohon gwangwanin maɓallai na marigayi Baba, wanda ke kan kantar bango tun kafin a haifi Auta. Ta sauko da shi, ta tura hannu can ƙasa ta binne katin, ta mayar da murfi, ta ajiye shi inda yake.

"Shi ke nan. Nan ko aljani ba zai leƙa ba."

Auta ta koma gaban keke. Zuciyarta sai dukan ƙirjinta take yi kamar mai neman a buɗe mata ƙofa ta fice. Bakinta ya bushe ƙamas. Ga zare a dama, ga allura a hagu, sau huɗu ke nan tana kai zaren bakin kafar allurar yana kucewa. Ita da a da take zura zare tana hira, ko kallon allurar ba ta yi.

Yau kwananta tara da fara maganin.

Shagon ɗinkin a jikin gidansu yake, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta cikin gida mai labule. A nan Baba ya shekara talatin yana taka baƙin kekensa, a nan kuma ya koya wa autarsa riƙe almakashi tun tana hawa kujera kafin ta kai teburin yanka. Da ya rasu, wata goma sha huɗu da suka wuce, kowa ya yi kukansa ya share hawaye. Ita nata ya ƙi ƙarewa. Daga baya ma kukan ya ƙafe, wani abu mai nauyi ya zauna mata a ƙirji a madadinsa. Abinci ya fita ranta. Wanka ya zama aiki. Sai ta zauna gaban keke tun safe har azahar, ƙafarta a kan feda, ta kasa takawa ko sau ɗaya.

Yayarta ce, da ta zo ganin gida, ta dube ta sau ɗaya ta ce ta ɗauko mayafi. Asibiti suka nufa. Likitar, wata mata mai sanyin murya, ta saurare ta kusan awa guda, sannan ta ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar kowane ciwo, kuma yana da magani.

"Amma ki ji ni da kyau," in ji likitar. "Mako biyun farko zai iya wahalar da ke kafin ki ga amfaninsa. Tashin zuciya, rawar hannu, hamma ba gaira ba dalili, faɗuwar gaban ma tana iya ƙaruwa. Ki riƙa sa wani abu a cikinki kafin ki sha. Yawanci abin yana lafawa. Sauƙi na sosai kuwa sai an yi wata guda ko fiye. Kada ki daina da kanki. In abin ya tsananta, ko wani mugun tunani ya zo miki, ga lambata, ki kira ni."

Tun daga ranar, duk safiya in ta haɗiye ƙwayar sai ta ja layi ɗaya da allin ɗinki a gefen teburin yanka, ta inda ba mai gani. Layi tara. Saura biyar, take ta faɗa wa ranta. Saura biyar kacal.

Mutum uku suka san zancen: ita, Yaya da Umma. Na huɗun da ya fi kowa cancantar ya sani, Umma ta hana.

Shi ne mai gyaran agogon bakin titi, wanda wata rana ya kawo wa Baba wando a rage masa tsayi, ya tafi da wandon ya bar zuciyarsa a shagon. Saura wata biyu a ɗaura aurensu.

"Kika kuskura ya ji, gwaggonsa ta ji," haka Umma ta ce. "Gwaggonsa ta ji, duniya ta ji. Su ba ruwansu da wani ciwon damuwa. Mahaukaciya za su ce, ki rubuta ki ajiye."

Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita ta raine shi tun yana ɗan shekara huɗu da iyayensa suka rasu. Da ma can ba Auta take so masa ba, 'yar aminiyarta ta tanadar masa, wata malamar makaranta. Shekara biyu yana roƙonta kafin ta sauko, kuma ko da ta sauko, sai da ta aiko da yadi ta ce yarinyar ta ɗinka mata doguwar riga ta ga hannunta. Yau za ta zo gwaji.

Ƙarfe sha ɗaya daidai sallamarta ta cika shagon.

Doguwa ce, mai farin tabarau, mai tafiyar wanda bai taɓa jiran kowa ba. Auta ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Umma ta shiga rawar jiki, ga kujera, ga ruwa mai sanyi, ga tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

"Ina rigar?"

Auta ta ciro ta daga rataya ta miƙa da hannu biyu. Gwaggo ko kallon gaban rigar ba ta yi ba. Juya ta ta yi ciki ya koma waje, kamar yadda kowa ya san tana yi wa duk kayan da aka ɗinka mata, ta gyara tabarau ta shiga bin ɗinkin da babban yatsa, daga wuya zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa hammata.

"Waje ai kowa ya iya gyarawa," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ni ciki nake dubawa."

Yatsan ya gangaro gefen hagu, ya tsaya.

"Nan fa? Keken ne ya yi maye, ko telar?"

Auta ta san wurin. Tsawon taƙi ɗaya ne, inda ɗinkin ya yi 'yar karkata. Ranar kwananta na huɗu a kan magani ta yi shi, hannunta na rawa kamar ba nata ba. Ta yi niyyar farkewa ta sake, sai kanta ya ɗauki zafi ta manta.

"Za a gyara, Gwaggo."

"Uhm. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ko da ido rufe ba ya haka."

Ta shiga bayan labule ta sanya rigar ta fito gaban madubi. Auta ta durƙusa tana kama bakin rigar da fil, Gwaggo kuwa ta buɗe babin nasiha: yadda ta raini yaron nan, abin da yake ci da wanda ba ya ci, yadda ba ya son hayaniya in ya dawo daga aiki.

A nan hammar ta zo.

Auta ta ji tahowarta tun daga ƙirji. Ta cije leɓe, ta danne, ta sunkuyar da kai. Ina! Ta kufce mata, doguwa, har da hawaye. Kafin ta rufe baki wata ta biyo, sannan ta uku.

Gwaggo ta katse nasihar. Ta cikin madubi take kallonta.

"Na ishe ki da surutu ko, 'yar nan?"

"A'a wallahi, Gwaggo, ba haka..."

"Aiki ne ya yi mata yawa," Umma ta yi caraf ta karɓe. "Kwana biyun nan ba ta samun barci."

Auta ta miƙe da sauri don ta ɗauko wani fil, shagon ya juya mata. Abin da ke cikinta ya taso gaba ɗaya. Ta toshe baki da gefen mayafi ta banka labule ta yi cikin gida da gudu, kuma shagon ƙarami ne, duk abin da ya faru a bakin rariya sai da kunnen Gwaggo ya ɗauka.

Da ta wanke fuska ta dawo tana dafa bango, Gwaggo ta riga ta tuɓe rigar ta zauna. Murmushi take yi, irin wanda ba ya kai wa ido.

"Sannu. Zo ki ga, waɗannan maɓallan da kika sa min sun yi min yarinta. Ba ku da wasu?"

"Akwai a leda, bari in..."

"Bar shi, ga gwangwani can. Na tsofaffin teloli ai ya fi kaya masu kyau."

Kafin Umma ta yi wani yunƙuri, doguwar matar ta miƙa hannu ta sauko da shi. Ta ɓalle murfi, ta kifar da shi kan teburin yanka. Maɓallai suka watse, farare da baƙaƙe, na ƙarfe da na roba, wasu suka gangara ƙarƙashin keke. A tsakiyarsu katin ya faɗo yana ƙyalli, gurbi tara a fashe.



Gwaggo ta ɗauke shi da yatsa biyu, ta juya gaba, ta juya baya.

"Wannan wane irin maɓalli ne?"

"Au, maganin ciwon kai ne," in ji Umma, muryarta ta yi wani siriri. "Nawa ne."

"Naki? Kika binne a ƙasan gwangwani, kika yar da kwalinsa?" Ta juyo ga Auta, ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, idonta ya daɗe a kan cikinta. "Amai da safe. Kasala. Hamma. Ga magani a ɓoye. Ni fa ba yarinya ba ce, na ga jiya na ga yau. 'Yar nan, dube ni. Wata nawa ne?"

Umma ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Haba, baiwar Allah! 'Yata?"

"To maganin mene ne?"

Auta ta buɗe baki. Gaskiyar tana nan a kan harshenta, kalma biyu ce kawai. Amma kunnuwanta suka ɗauki ƙara, gumi ya karyo mata. Ta dubi Umma, Umma ta girgiza mata kai a hankali, ido cike da roƙo. Uwa da 'ya suka tsaya tsakanin kunya biyu, aka rasa mai zaɓen ɗaya.

"Shi ke nan," in ji Gwaggo, ta jefa katin cikin jakarta ta ja zif. "Tunda bakinku ya mutu, mai kemis nasa yana da rai. Shi zai karanta min."

"Gwaggo, don girman Allah, ki bar min..."

Ko waiwayowa ba ta yi ba. Rigar ma a nan ta bar ta kan kujera, ciki a waje.

Umma ta zube kan benci ta ɗora hannu a ka.

"Na shiga uku! Ni da hannuna na saka shi. Duk faɗin shagon nan in rasa inda zan saka sai nan!" Ta share ido da haɓar zane. "Ai ga irinta. Tun farko na ce mu yi ta addu'a, yayarki ta ja ki asibiti. Da kin amsa wa mai shagon yadin nan da ke neman aurenki ma da duk ba a yi haka ba. Mutum ne shi kaɗai, ba gwaggo ba kawu, ko jiya sai da ya tare ni yana tambayarki."

Auta ba ta ji ƙarshen maganar ba. Numfashinta ne ya fara tsinkewa guntu-guntu, yatsunta suka yi sanyi, wata murya a cikin kanta tana ta faɗin mutuwa za ki yi, yanzu za ki mutu. Ta san wannan murya. Sau uku tana zuwar mata a kwana taran nan.

Ta lallaɓa ta zauna gaban keken Baba. Ta zare zaren, ta ɗaga allura, ta ɗora ƙafafunta biyu kan feda. Likita ta ce ta riƙa jan numfashi tana ƙirga huɗu, ta sake shi tana ƙirga shida, amma in abin ya taso lissafi guduwa yake daga kanta. Sai ta samo tata dabarar. Taku huɗu a hankali, ta ja iska. Taku shida, ta saki. Keken ya shiga kukansa na da, ƙat, ƙat, ƙat, irin wanda take yin barci da shi tana jaririya a bayan Umma.

Huɗu. Shida. Huɗu. Shida.

Sai da ta yi kusan minti goma kafin ƙirjinta ya sassauta. Ta jawo waya ta kira lambar da ba ta taɓa samun ƙarfin halin kira ba. Tana kuka ta zayyana wa likitar komai, har hammar, har gwangwanin.

"Sannu, kin yi daidai da kika kira," in ji likitar. "Gaya min tsakani da Allah, tunanin cutar da kanki ya zo miki?"

"A'a. Tsoro ne dai. Tsoro kamar zai kashe ni."

"Ba zai kashe ki ba. Yana cikin abin da na gaya miki, kuma kin kusa fita daga mafi wuyarsa. Gobe ki zo in duba ki, in aman ya ƙi tsayawa akwai abin da za mu yi. In ba a dawo miki da maganin ba zan rubuta wani. Kin ci abinci?"

Ba ta ci ba. Ta tashi ta haɗa shayi ta tura burodi kaɗan-kaɗan, tana ci hawaye na ɗiga a kofin.

Bayan la'asar mai gyaran agogon ya zo.

Tun daga sallamarsa ta san ya ji. Bai ce mata "ranki ya daɗe, shugabar teloli" ba kamar kullum. Ya zauna bakin benci, ya cire hula ya riƙe a hannu, gilashin nan na ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi yana rataye a wuyansa, alamar ko rufe teburinsa bai tsaya yi ba. Umma ta amsa gaisuwarsa ta shige ciki, amma ƙafafunta na nan a ƙarƙashin labule.

"Mai kemis ya karanta wa Gwaggo," ya ce a hankali. "Zargin farko dai ya faɗi. Ni da ma ko a mafarki ban yarda da shi ba."

"Na gode."

"Kin gode?" Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa jawur. "Auta, wata nawa kina cikin wannan hali? Duk ranakun da nake kira ba ki ɗauka ba, kika ce zazzaɓi ne. Ranar da na tsaya a ƙofar nan awa biyu aka ce kina barci. Ni na zaci son ne ya ragu. Na yi ta binciken kaina ina neman laifin da na yi miki. Ashe ciwo kike, kuma sai a bakin mai kemis zan ji?"

Hawayen da take riƙewa suka ɓalle.

"Tsoro na ji, Malam. Wallahi tsoro na ji. Ina kallon wayar tana ƙara, sunanka a jiki, ina son in ɗauka, hannuna ya ƙi tashi. Ta yaya zan gaya maka haka ka gane? In ce ina sonka amma ko muryarka ba ni da ƙarfin ji? Ni kaina ban gane ba, balle kai."

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hular.

"Me Gwaggo ta ce?" ta tambaya.

Bai so faɗa ba, sai da ta sake tambaya.

"Ta ce maganin masu taɓin hankali ne. Ta ce ba za ta haɗa jininta da... ke dai kin san bakinta. Na durƙusa mata, Auta. Ban taɓa kuka a gabanta ba tun ina yaro, yau na yi. Da ƙyar ta sauko, amma da sharaɗi."

"Ina ji."

"Maganin zai zauna a wurinta. In kin yi wata biyun nan ba ki sha ba, kuma lafiyarki ƙalau, ta yarda ba ciwo ba ne, a ɗaura aure. In kuwa sai da shi za ki rayu..." Ya kau da kai. "Ta ce a satin nan za ta aika gidan aminiyarta."

Labule ya motsa, Umma ta faɗo shagon.

"Alhamdulillahi! Ai wannan sauƙi ne. Wata biyu kamar yau ne. Da ma me maganin ya tsinana miki ban da amai da rawar hannu? Kafin ki fara shi ai ba kya amai!"

"Umma, kafin in fara shi ba na tashi daga gado."

"To yanzu da kike tashin, ba ga abin da ya jawo ba?"

Ya matso bakin bencin.

"Auta, ki dube ni. Wata biyu kawai. Kullum zan zo, safe da yamma. In kin ji damuwa ki kira ni, ko ina tsakiyar aiki zan ajiye. Ni zan zama maganinki. Son da nake miki bai isa ya riƙe ki wata biyu ba?"

Wayyo! Da wata magana ya faɗa da ta fi sauƙin ƙi. Ta dubi fuskar nan da take gani duk sanda ta rufe ido, ta ji zuciyarta na narkewa. Kalma ɗaya za ta ce, to, shi ke nan komai ya wuce. Ba amai, ba hamma, ba Gwaggo. Sai ita da shi.

Sai kuma ta tuno wata safiya, wata uku da suka wuce. Shi yana ƙofar shagon nan yana kiran sunanta da murya mai daɗi, ita tana kwance tana kallon silin, ba ta jin komai. Ba so, ba ƙi, ba komai. Yana sonta a ranar ma. Son nasa yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa shigowa inda take.

Ta share fuska da bayan hannu.

"Malam, in aka kawo maka agogo ya tsaya, lallashinsa kake yi?"

Ya yi wata 'yar dariya da ta fi kama da kuka. "Buɗe bayansa nake yi."

"To ni ma an buɗe, an ga abin da ya tsaya, an fara gyara. Zo ka ga wani abu."

Ta kai shi gefen teburin yanka, ta nuna masa layukan alli. Ya durƙusa yana kallo.

"Kowane layi kwana ɗaya ne. Wannan na biyun, a bakin rariya na wuni. Na huɗun, ranar na karkatar da ɗinkin Gwaggo. Na shidan na ɗauka mutuwa zan yi, na hau keken Baba ina takawa ba zare har abin ya sake ni. Ba wanda ya ɗauke min ko guda ɗaya. Amma ka san me? Shekaranjiya na ji yunwa. Yunwa, Malam! Rabona da in ji ta tun Baba yana da rai. Jiya kuma da ka kira, kafin ƙara ta biyu na ɗauka. Ba ka lura ba?"

 Kai kawai ya gyaɗa.

"Ko maganin ne ya fara, ko sa rai ne kawai, ni ban sani ba tukuna. Likita ta ce da saura. Amma in na goge layukan nan yau, ka san wadda za a kai maka nan da wata biyu? Waccan ta kan gado. Za ka yi ta magana tana kallon silin. Kuma ranar Gwaggo za ta ce ai ta faɗa."

"In kuma ta aika gidan aminiyar tata fa?" Umma ta ce cikin kuka. "Ki rasa shi a kan ƙwaya? Auta, ki rufa min asiri!"

"Asirin da muka rufe ai shi ya kai mu nan, Umma. Da a kan keke muka bar shi da kwalinsa, da ba wanda ya dubi cikina."

Umma ta juya fuska bango.

Ƙirjin Auta ya soma bugawa kuma, hannuwanta suka ɗauki rawa. Ta bar su suka yi rawarsu. Ta ɗauki rigar Gwaggo daga kan kujera, ta ninke ta yadda take, ciki a waje, karkataccen ɗinkin a sama. Ta sa ta a leda, ta yafa mayafi.

Ya miƙe tsaye. "Ina za ki?"

Wata hamma ta taso mata, doguwa, a daidai lokacin da bai kamata ba. Ta bari ta gama fita, ta goge ido, sannan ta dube shi, ta dubi Umma, ta ɗaga murya yadda ko mai wucewa a titi zai ji.

"Gidan Gwaggo za ni. Tunda ciki take dubawa, zan nuna mata inda ɗinkin ya karkace in gaya mata dalili da bakina. Likita za ta iya rubuta min wani, amma wancan nawa ne, da ƙafata zan je in karɓo. Gobe da safe zan sha na goma in ja layinsa, a yi auren ko a fasa. Malam, in za ka raka ni, sa hularka. In ba za ka iya ba, matsa min in wuce."